Yadda ake gano tsuntsayen da ke bin rundunar kwarkwasa a kurmi

A manyan kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai tsuntsayen da abincinsu ya rataya ga kwarkwasa. Turawa na ce musu antbird, masana kuma sun sa danginsu suna Thamnophilidae, kuma nau'insu ya haura 200, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka dogara ga bin kwarkwasa. Ba kwarkwasar suke ci ba. Idan runduna ta fito farauta ta bazu cikin busassun ganye, duk wani kyankyaso da gyare da gizo-gizo da kunama sai ya fito a guje, tsuntsayen kuwa suna nan tsaye suna cafkewa. Wanda ya taɓa ganin balbela tana bin garken shanu ya fahimci sana'ar: ci da motsin wani.

Mataki na farko, ka manta da tsuntsun, ka nemi kwarkwasar. Wadda aka fi bi ita ce Eciton burchellii, mai farauta da rana a saman ƙasa. Ba ta gina gida. Da daddare sai su sarƙe ƙafafunsu su zama dunƙule guda a ƙarƙashin faɗaɗɗen icce ko cikin kogon bishiya, sarauniya da 'ya'ya suna tsakiya. Rayuwarsu zagaye ce: kusan sati biyu suna ƙaura kowane dare, sannan kusan sati uku suna zaune wuri ɗaya, sarauniya tana ƙwai. Lokacin ƙaura ne farauta ta fi zafi, domin akwai tsutsotsi masu jiran abinci.

Na biyu, ka yi sammako. Runduna tana fita ne da wayewar gari. Wurin da ya yi suna a wannan harka shi ne hanyar Pipeline da ke gandun dajin Soberanía a ƙasar Panama. Ka ɗauki ɗan jagora na yankin, ka sa takalmi mai tsawo, ka cusa ƙafar wando cikin safa.

Na uku, ka yi aiki da kunne kafin ido. Kurmi duhu gare shi, tsuntsayen kuma masu launin ƙasa ne. Abin da zai tona su shi ne hayaniya: gurnani da 'yar tsawa da suke yi wa juna ƙasa-ƙasa, da ƙarar ganye kamar yayyafi ya fara, da ƙugin ƙudajen da ke shawagi a gaban rundunar. In kuwa layin kwarkwasa ka tarar ya ƙetare hanya, duba bakinsu. Masu ɗauke da guntun ƙwaro gida suke komawa, don haka sai ka bi ɗaya ɓangaren har inda layin ya buɗe ya yi faɗi.

Na huɗu shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kada ka tsaya a gaban rundunar, kada kuma ka ratsa ta. Ka koma gefe, 'yan taku daga bakinta, ka tsaya cik. Tafiyarta a hankali take, sai dai ka riƙa duba ƙafarka kana ja da baya. Da ka daina motsi, tsuntsayen za su dawo su ci gaba da harkarsu, wani lokacin kusa da kai ƙwarai. Dubi yadda suke zama: galibi suna maƙalewa ne a jikin siririn itace a tsaye, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kusa da ƙasa. Kyankyaso na fitowa sai tsuntsu ya faɗa ƙasa ya sure shi ya koma kan itacen kafin kwarkwasa ta hau masa ƙafa. Wannan saurin kaɗai ya isa ladan tafiyar.

Daga nan sai ka fara bambanta su, kuma wurin zama ma yana faɗa maka wane ne wane. Babban, Phaenostictus mcleannani, mai shuɗiyar fata a fuska da baƙin maƙogwaro da ɗige-ɗige a baya, shi ke riƙe tsakiya inda abinci ya fi fitowa. Gymnopithys bicolor, mai jan-ƙasa a baya da farin ciki, yana kewaye da shi. Ƙaramin, Hylophylax naevioides, mai baƙaƙen ɗigo a farin ƙirji, sai ya haƙura da gefe. Biyun farko kusan ba sa cin abinci sai a bakin runduna, shi ya sa suke leƙa makwancin kwarkwasa da safe su ga ko za a fita. Masanin tsuntsaye Edwin Willis ya shafe shekaru yana bibiyarsu a tsibirin Barro Colorado na Panama tun shekarun 1960, kuma babban cikinsu, mai shuɗiyar fuskar nan, ya ɓace daga tsibirin a shekarun 1970. Tsuntsun da ke buƙatar runduna da yawa don ya ƙoshi ba ya rayuwa a guntun daji, abin da ya kamata ya tsaya wa duk mai sare kurmi a rai.

Wanda Panama ta yi masa nisa, akwai irin wannan kallo a Afirka. Kwarkwasarmu ta jinsin Dorylus ita ma tana da mabiya, irin su tsuntsayen da ake kira alethe, a kurmin Kakamega na Kenya da kurmin Kuros Riba. Matakan duk ɗaya ne, sai dai ka ƙara nisa, domin sojan kwarkwasar nan idan ya ciji mutum ba ya saki da sauƙi.