Sayen gida a Kaduna: daga ciniki zuwa amincewar gwamna

Biyan kuɗi da karɓar mabuɗi ba su ne ƙarshen sayen gida ba. A Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, mai gida kuwa haƙƙin zama yake da shi, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya hana a miƙa wa wani wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka bai inganta ba. A Kaduna, hukumar KADGIS ce ke riƙe da fayil ɗin filaye, can ake farawa, can ake gamawa.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka karɓi kwafin takardun gidan: takardar shaidar mallaka ta C of O, taswirar safiyo, rasit ɗin harajin ƙasa da izinin gini na hukumar tsara birane ta KASUPDA. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, shi zai nemi a binciki fayil ɗin a KADGIS. Rahoton zai nuna sunan da ke kan gidan, ko an jinginar da shi a banki, ko ana bin sa harajin ƙasa. In sunan bai dace da na katin shaidar mai sayarwa ba, tsaya nan sai an warware. Ka kuma ɗauki safiyo ya gwada duwatsun iyaka da taswira, domin katangar da ta shiga hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki jan fentin rusau take jira. Gidan da ke kusa da Kogin Kaduna kuwa, a watan Agusta ko Satumba ake zuwa ganinsa, don a ga ko ambaliya tana cin sa.

Gidaje da yawa a Rigasa, Tudun Wada da Kawo ba su da C of O, sai takardun ciniki masu hatimin mai unguwa. Waɗannan shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba su kai takardar gwamnati ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga mai gidan farko, kada a tsallake hannu ko ɗaya, sannan ka sa kuɗin neman C of O cikin lissafinka.

Inda aka fi ƙonewa shi ne gidan gado. Babban wa zai zo da dillali ya ce ƙannensa duk sun yarda, alhali akwai wata ƙanwa da ke aure a Zariya wadda ba a tuntuɓa ba. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Kowane magaji ya sa hannu da kansa, har matan mamacin, maraya kuma sai da waliyyinsa da sanin kotu. In kason mutum ɗaya kake saya a gidan da ba a raba ba, tuna da shuf'a: a mazhabar Malikiyya, sauran masu tarayya suna da ikon mayar maka da kuɗinka su karɓe kason.

Biya ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. Dokar hana safarar kuɗi ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba. La'adar dillali a yanke ta tun farko, a rubuta wanda zai biya.

Daga nan lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka, ku sa hannu gaban shaidu, a kai KADGIS neman amincewar gwamna. Za su ƙiyasta darajar gidan, ka biya kuɗin amincewa da na rajista, da harajin kan sarki na hukumar haraji ta KADIRS. Wasu kan tsaya a takardar wakilci don gudun waɗannan kuɗaɗe. Arhar banza ce. Sunan mai sayarwa yana nan a fayil, yana iya sake sayarwa, in ya rasu kuma da magadansa za ka yi ta fama.

Ranar miƙa gida, mai sayarwa ya ba da ainihin takardun, ba kwafi ba. A duba bashin wuta da na ruwa a cire daga cikon kuɗi. In akwai 'yan haya, a rubuta ranar da hayarsu za ta ƙare da wanda zai ba su notis.