Yadda za ka rubuta labarin ɗan kallo a cikin birni

Wallahi ba kaɗaicin da ya kai na tsakiyar taro, ga jama'a maƙil amma ba mai tambayarka ya ka kwana. Abin da ya damu marubutan gajerun labarai na Turai kenan a farkon ƙarni na 20, lokacin da mutanen Landan suka haura miliyan 6, kowa ya shige ɗakin haya ya ja ƙofa. A 1903 wani masani Bajamushe, Georg Simmel, ya ce ɗan birni yana koyon halin ko-in-kula ne don ya kare kansa daga yawan abin da ido da kunne ke kwasa. To in kana son rubuta irin wannan labari, fara da nema wa tauraronka wurin zama, benci ko bakin taga, inda zai ga kowa ba a kula shi ba.

Duba yadda marubuciya Katherine Mansfield ta yi a labarinta Miss Brill na 1920. Tauraruwar labarin, Miss Brill, mace ce mai koyar da Turanci a wani gari a Faransa, ba miji ba ɗa, duk Lahadi sai ta ciro wata tsohuwar fatar dabba mai gashi daga akwati, ta kakkaɓe ta, ta yafa a wuya, ta tafi lambun shaƙatawa inda 'yan badujala ke kiɗa, ta zauna a bencinta tana satar jin hirar mutane har ta fara ganin kamar wasan kwaikwayo ake yi kuma ita ma tana da rawar da take takawa a ciki. Ba sai an rubuta “tana cikin kaɗaici” ba, fatar nan da take lallaɓawa kamar mai rai ta isa. Kai ma nemo wa naka abu ɗaya da ya shaƙu da shi, tsohuwar rediyo ko hula, ka bar abin ya yi magana.

Sai kuma babban aikin, wanda yawancinmu muke tsallakewa: dole a ƙarshe ido ya juyo kan mai kallon. Wasu saurayi da budurwa suka zo suka zauna kusa da Miss Brill, ta kasa kunne kamar kullum, ashe ita ake yi wa dariya, saurayin yana ƙorafin me ya kawo wannan tsohuwa nan, budurwar ta kwatanta fatar da soyayyen kifi. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai zuciyata ta karye. Ranar ko yankin kek ɗin da ta saba saya a hanyar gida ba ta tsaya ta saya ba, ta shiga ɗakinta mai duhu, ta mayar da fatar akwati, da ta rufe sai ta ji kamar wani abu yana kuka a ciki. Nan labarin ya tsaya. Kar ka ƙara wa'azi, kar ka kawo mai lallashi.

Marubuci James Joyce ma haka ya yi a wani labari cikin littafinsa na gajerun labarai Dubliners na 1914, inda wani kashiyan banki mai suna Duffy ya yanke hulɗa da matar da ta nuna masa ƙauna, bayan shekara 4 yana cin abinci ya karanta a jarida jirgin ƙasa ya buge ta.

Na san mun saba da labari mai aure da kishiya da shiri 60, wannan kuwa yini ɗaya ya ishe shi, wani lokacin ma awa ɗaya. Don haka ɗauki ɗan littafi da biro ka je tasha ko teburin mai shayi, ka zauna minti 30, ka rubuta abin da ka gani da gutsattsarin maganar da ka ji kawai, ban da abin da kake zato. In ka dawo gida sai ka tambayi kanka, cikin mutanen nan wa ya lura da ni, me ya gani? Daga amsar za ka fara sakin layi na farko.