Tarin waƙoƙi daban, albam daban: kurakuran da na gaji da gani a situdiyo

Duk shekara, da zarar an ce Sallah ta gabato, sai yara su fara sintiri a situdiyona da ke nan Bauchi, kowa da filas a aljihu da magana iri ɗaya: "Oga, albam nake so mu fitar." In ka tambayi mutum me albam ɗin yake faɗa, sai ya amsa maka da cewa waƙoƙi sha takwas ne. Ni ba ƙirga na tambaya ba. Bakina ya gaji da bayani ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya zo gobe in ce ya je ya karanta.

Babbar cutar ita ce tausayin waƙa. Mawaƙi ba ya iya yar da abin da ya kashe wa kuɗi, don haka komai sai ya shiga: ta soyayya, ta bikin wata amarya a Fadaman Mada, ta ɗan takarar majalisa, ta wa'azi, da wadda ya yi don huce haushi a kan abokin gaba. Ƙanena, waƙar biki ta masu bikin ce. Sun biya, an jero sunan uwar amarya da ƙawaye da dangin ango, an yi liƙi, an watse. Mutumin Azare ko na Kumo da bai san kowa a cikinsu ba, me zai zaunar da shi minti bakwai yana jin sunayen baƙi? Ta siyasa ma ta fi saurin rubewa, domin kafin albam ya shekara mai gidan naka ya sauya sheƙa, kai kuma ga muryarka nan tana zagin jam'iyyar da ya koma. Ka ci kuɗinka na waɗannan waƙoƙi, halal ɗinka ne, amma ka bar su a waje.

A da kayan aiki ne suke tilasta wa mutum zaɓe. Faifan garmaho wajen minti 22 yake ɗauka a kowane gefe, kaset na C60 minti 30 a gefe, CD kuwa bai wuce minti 80 ba. Yanzu Audiomack da YouTube ba za su ce maka ya isa ba, sai ka ce wa kanka. A lissafin Spotify, waƙa 7 ko abin da ya haura minti 30 ya zama albam, 4 zuwa 6 kuma EP ne, wato ƙaramin kundi, kuma babu abin kunya a cikinsa. Abin da nake yi, wasu abokan sana'a na ce mini ɓata lokaci ne: in sa mawaƙi ya faɗa mini da jimla ɗaya abin da kundin yake magana a kai, ko rabuwa ce, ko zaman majalisa babu aikin yi, ko kewar gida. Sai in rubuta sunan kowace waƙa a guntuwar takarda, mu baza a ƙasa. Wadda ba ta da dangantaka da wannan jimlar, a ɗauke ta, ko da ita ce ta fi tashe.

Na biyun kuwa, shi ne wanda in na tuna raina yake ɓaci. Yawon situdiyo. An ɗauki waƙa ɗaya a Kano, ɗaya a Jos, biyu a Gombe, sauran a ɗakin wani ɗalibi a Yelwa da katifa jingine a bango. Makirfo daban, ɗaki daban, hannun mai kiɗa daban, wani ya cika otochun, wato manhajar daidaita murya, har murya ta koma ta ƙarfe, wani bai sa ko kaɗan ba. In ka jera su sai ka ji kamar kayan gwanjo, riga ta wani, wando na wani. Mai sauraro ba zai iya faɗa maka abin da ya dame shi ba, zai dai danna gaba.

Wannan ma da sauƙi in an kawo mini aikin a warware. Amma me ake kawowa? MP3 ɗin da ya bi ta WhatsApp hannu biyar, murya da kiɗa a dunƙule. Me kake so in yi da shi? MP3 ya riga ya zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi ƙanƙanta, abin da ya zube kuma ba ya dawowa. Akwai wani yaro mai murya, wallahi Allah ya yi masa baiwa, muka kwashe damina guda muna aikin kundinsa, galibi da janareta, man kuma daga aljihuna, bisa alkawarin sai an fitar a raba. Waƙar da ta ɗauki nauyin albam ɗin gaba ɗaya a wani gari ya yi ta. Na ce ya karɓo asalin aikin. Ya je, aka ce masa an wanke kwamfutar tuntuni. Muka sake rerawa, muka sake, amma karyewar muryar da ya yi a baiti na uku a ɗaukar farko, lokacin da abin yake cinsa a rai, ta ƙi dawowa. Sallah ta wuce, yaron ya yi zuciya ya watsa tsohon kwafin ga masu turawa, da sunana a kai. Kuɗin mai bai dame ni ba kamar yadda wasu suka ɗauka ni na yi wannan jagwalgwalon.

Tun daga nan sharaɗina ɗaya ne. Duk inda ka yi waƙa, kada ka fito sai da fayilolin WAV, waɗanda ba a zubar musu da sauti ba, murya daban, amshi daban, kowane kayan kiɗa daban, ka ajiye a wuri biyu. Muryoyin albam kuma a ɗaki ɗaya nake ɗaukarsu, da makirfo ɗaya, cikin 'yan makonni, kafin hunturu ya shigo ya busar da maƙogwaro. Sannan mu tsayar da kayan kiɗa uku ko huɗu da za su riƙa leƙowa daga farko har ƙarshe, misali kalangu na gaske, sarewa, da launin fiyano guda. FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, yana da sauti ɗaruruwa, ba a ce sai ka taɓa kowanne ba.

Jeri ma aiki ne. Kada ka buɗe da minti ɗaya na gaisuwar iyayen gida da kirarin kanka. Spotify ba ya ma ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30, mutane kuma ba sa jira. Kada waƙa uku masu gudu ɗaya da kari ɗaya su bi juna. Ni gwajina a mota nake yi, a hanyar Gombe. In hannuna ya kai ga maɓallin tsallakewa kafin gadar Dindima, to akwai gyara a farkon jerin. In na wuce Alkaleri ban taɓa ba, mun kama hanya.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Cika ƙara har sifika na kuka ba gwaninta ba ce, Spotify zai sauke ta zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, ka tashi da murɗaɗɗen sauti kawai. Baƙin mawaƙa biyu sun isa, in sun kai shida albam ɗin ya zama nasu. Mai kiɗa ya daina kiran sunansa a kan kowace waƙa, har da ni. A rubuta wa ke da kiɗa, wa ke da baiti, tun ana dariya da juna. Ka saurara a wayar hannu da ƙaramar MP irin ta masu shayi, domin a nan yawancin mutanenka za su ji. Kada ka saki nanaye a tsakiyar azumi ka zo kana cewa an yi maka hassada.

Akwai kuma masu ciwon gyara, waɗanda waƙa ta gamu tun bara amma kullum sai sun dawo a ƙara ganga, a rage amshi, a mayar da gangar yadda take. Irin waɗannan rana nake yanka musu a gaban shaida. In ta cika, na rufe aikin, duk gyaran da ya biyo baya kuɗinsa daban, kuma a hannu.