Yadda za ka ji sauti garau daga kwamfutarka ba tare da ka ƙarar da data ba

Kafin sauti ya iso kunnenka sai ya bi ta hannu huɗu: wanda ya naɗe shi, fayil ɗin da aka zuba shi a ciki, kwamfutar da ke karanta fayil ɗin, sannan lasifika ko hedifon tare da ɗakin da kake zaune. Duk inda aka samu rauni a cikin huɗun nan, shi kunnenka zai ji, ko da sauran ukun na miliyoyi ne. Abin da na lura da shi a nan Zariya shi ne, mai son sauti yakan zuba kuɗinsa a inda babu buƙata, ya bar inda ke da matsalar. Don haka za mu fara da gyaran da ba ya cin ko kwabo.

Mataki na farko: binciki fayil ɗin kansa

Yawancin waƙoƙi da karatun da ke cikin wayoyinmu daga wajen masu turi suka fito, na Sabon Gari ko na PZ ko na Samaru, ko kuma wani ya ciro su daga bidiyon YouTube. Tura fayil daga waya zuwa waya ba ya rage komai. Abin da ke kashe sauti shi ne juya shi daga wannan tsari zuwa wancan, domin MP3 da ire-irensa suna zubar da wani ɓangare na sautin ne don fayil ya ƙanƙance, kuma duk juyi sai an sake zubarwa.

Ma'aunin da ake kwatanta komai da shi shi ne faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982. Yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, kowane awo da bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta), hagu da dama, wato kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da aka fi turawa kilobit 128 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ke nan. Mafi girmansa 320. Shi kuwa FLAC, wani tsarin ajiye sauti daban, yana matse fayil zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, amma ba ya zubar da komai.

Danna maɓallin dama na linzami a kan fayil, ka shiga Properties, sannan Details, za ka ga adadin kilobit. Sai dai kada lambar ta ruɗe ka. Akwai masu ɗaukar MP3 mai 128 su juya shi zuwa 320 ko FLAC su ce maka "orijina" ne. Wannan kamar juye kunun da aka tsinka da ruwa ne cikin kwano mai tsada: kwanon ya sauya, kunun yana nan yadda yake. Ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Spek za ta tona asiri. Jefa fayil a ciki ka dubi zanen. In ka ga an yanke saman zanen ƙat a wajen kilohaz 16 (ma'aunin kaifin sauti da ke gefen zanen), to asalinsa ƙaramin MP3 ne, komai girman rigar da aka sa masa.

Mataki na biyu: gane tazarar sauti, domin nan ne maganar take

Tazarar sauti ita ce nisan da ke tsakanin mafi sanyin sauti da mafi ƙarfinsa a cikin abin da aka naɗa, kuma da desibel ake auna ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san ta ko da bai san sunanta ba: ga kacau-kacau ɗin kayan doki da hirar na kusa da kai, ga algaita, can sai 'yan bindiga su saki wuta ƙirjinka ya amsa. Naɗi mai kyau shi ne wanda ya bar ƙaramin a ƙanƙantarsa, babban a girmansa.

Kowane bit ɗaya yana ba da kusan desibel 6. Bit 16 na CD ke nan desibel 96, bit 24 kuma 144 a lissafin takarda. Masu tallar sautin da suke kira mai babban inganci da wannan lambar suke jan hankali. To, zo mu yi lissafin ɗakinka. Ɗaki mai shiru sosai, cikin dare, yana da hayaniyar da ta kai wajen desibel 30. Kunna fanka, maƙwabci ya tada janareto, masu Keke Napep su yi ta wucewa a layi, ka haura 50 cikin sauƙi. Ta sama kuma, masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 ga mai sauraro na awa takwas. Abin da ya rage maka tsakanin hayaniyar irin wannan ɗaki mai 50 da inda kunne zai fara cutuwa bai kai rabin abin da CD ke iya ɗauka ba. Saboda haka a wajen sauraro, bit 24 ba zai ƙara maka abin da za ka ji ba. A ganina asarar data ce kawai, musamman ga mai zaune a Tudun Wada ko kusa da Kwangila inda tireloli ba sa barci.

Inda ake cutar mai sauraro da gaske shi ne a situdiyo. Tun daga shekarun 1990 masu haɗa waƙa suka shiga gasar wa ya fi ƙara. Sai a danne wuraren da ke da ƙarfi, a ɗaga masu sanyi, komai ya dawo tsayi ɗaya. Da farko sai ka ji kamar ta fi daɗi, don kunne yana son abin da ya fi ƙara. Bayan minti ashirin sai ka ji kanka ya yi nauyi ba ka san dalili ba. Kalangu ya rasa dukansa, muryar mawaƙi da ta 'yan amshi sun cakuɗe. Irin wannan waƙar ko a FLAC ka same ta, a danne take.

Don ka gani da idonka, sauke Audacity, manhajar gyaran sauti, ita ma kyauta ce, ka buɗe waƙar a ciki. Naɗi mai rai za ka ga zanensa da tudu da kwari. Wanda aka danne kuwa zanen ya cika daga sama har ƙasa, gefensa a miƙe. In kana da kwafi biyu na waƙa ɗaya, riƙe mai tudu da kwarin, ka ƙara murya da hannunka.

Mataki na uku: hana Windows yi maka katsalandan

Wannan gyaran minti biyar ne. Shiga saitin sauti, zaɓi na'urar da kake ji da ita, ka kashe duk abin da ke ƙarƙashin Audio enhancements, haɗe da Loudness Equalization in akwai, domin aikinsa shi ne danne tazarar da muka gama magana a kai. Kashe Spatial sound. Yawancin laftof suna zuwa da wata manhajar ƙawata sauti ta kamfanin da ya ƙera su, ita ma ka kashe ta.

Sannan ka sauke foobar2000, manhajar kunna waƙa. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana aiki. A cikin Preferences, wajen Output, zaɓi na'urarka wadda aka rubuta exclusive a gabanta. Da haka sautin zai wuce kai tsaye ba tare da Windows ta gauraya shi da ƙarar saƙonni ko ta sauya masa awo ba. Kunna ReplayGain kuma, don waƙoƙi su riƙa fitowa da ƙarfi ɗaya ba tare da an taɓa tazarar cikinsu ba.

Mataki na huɗu: wuta, waya da ɗaki

In kana jin wani gurnani a ƙasan sauti, "huuum" ba ƙaƙƙautawa, cire cajar laftof ɗin ka saurara. In ya ɗauke, to daga wuta ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau ko janareto ko gidan da ba a yi masa wayar ƙasa ba sukan shigo da wannan gurnani cikin lasifika. Jona kwamfuta da lasifika a soket ɗaya, raba wayar sauti da wayar wuta, in ya ƙi ka saurara da batir. In kuwa ƙarar-ƙarar kake ji idan ka motsa jakin, wataƙila ƙurar hunturu ce ta cika ramin. Hura shi, ka goge bakin jakin.

Wasu laftof ɗin ramin hedifon ɗinsu ne ke da tsaki. Maganinsa ƙaramar na'urar DAC da ake jonawa ta USB, wadda ke mayar da lambobi su zama sauti a wajen kwamfutar. Ba sai mai tsada ba. Ɗan guntun nan na Apple mai USB-C a gefe ɗaya da ramin hedifon a ɗaya gefen ya wadatar da yawancin mutane, in dai ka samu na gaske, don jabunsa ya fi shi yawa a kasuwa. Bluetooth kuwa yana sake matse sauti kafin ya aika, kuma tsarinsa na gama-gari, SBC, yawanci a wajen kilobit 328 yake tsayawa. Mai jin FLAC ta Bluetooth ya biya kuɗin abin da ba ya iso masa.

Kuɗin da ka tara, kai shi kan hedifon mai waya ko lasifika biyu masu kyau. Nan ne bambanci yake fitowa fili, har yaro zai ji. Ajiye lasifikan daidai tsayin kunnenka, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowacce zuwa kanka, ka ɗan janye su daga bango. Ɗakin tayil da siminti tsirara yana amsa kuwwa. Shimfiɗa darduma, saki labule, katifar da ke jingine ma tana taimakawa.

Mataki na biyar: lissafin intanet

Sauti ba ya buƙatar intanet mai gudu, yana buƙatar wanda ba ya yankewa. Ingancin CD bai kai megabit ɗaya da rabi a daƙiƙa ba, abin da 4G na MTN ko Airtel ko Glo ke ɗauka ba da wahala ba in sabis na da kyau. Ko fayil mai nauyi sosai, mai bit 24 da awo 192,000, megabit 9 ne da ɗoriya. Ba sai ka nemi 5G ko Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, don jin waƙa ba. Ka tuna dai megabit daban, megabait daban: raba da 8. Layin da ya nuna maka 8 a fast.com, shafin gwada gudun intanet, megabait ɗaya yake saukewa a daƙiƙa.

Inda abin ke ciwo shi ne data. Awa ɗaya a kilobit 128 tana cin megabait 58. A 320, megabait 144. FLAC mai ingancin CD yakan ci tsakanin 300 da 400. Mai bit 24 da awo 96,000 in ba a matse ba, gigabait 2 a awa ɗaya. Mai saurare awa uku kullum ya yi wa kansa lissafin wata.

Abin yi a nan: gwada layinka da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da unguwa duka ta hau, na biyun shi ne gaskiyar layinka. Ajiye mifi ko rauta a bakin taga, a sama, don katangar ƙasa mai kauri irin ta cikin birni da rufin kwano suna cinye sabis. A Spotify ko Apple Music ko Boomplay, cire ingancin sauti daga kan Automatic in akwai shi, ka zaɓa da kanka, in ba haka ba manhajar za ta riƙa rage shi a ɓoye duk lokacin da sabis ya yi rauni. Abin da kake ji kullum kuma, sauke shi sau ɗaya da datar dare ka ajiye. Fayil ɗin da ya sauka cikin minti ɗaya da wanda ya ɗauki awa ɗaya, sautinsu ɗaya ne.

Kafin ka yanke shawarar kashe data a kan FLAC, yi wa kunnenka jarrabawa. Akwai ƙarin ABX na foobar2000 da ke kunna maka fayil biyu ba tare da ka san wanne ne wanne ba. Mutane da yawa ba sa iya raba MP3 mai 320 da FLAC. In kana cikinsu babu abin kunya, aljihunka ne ya huta.

Ga mai naɗa da kansa

A nan ne bit 24 yake da amfani na gaske. In za ka naɗi tafsiri, ko walima, ko makaɗa a gidan biki, sa na'urar a bit 24, ka kashe saitin da ke daidaita ƙarfi da kansa, don shi ke jawo hayaniyar fanka duk lokacin da malam ya yi shiru. Ka sa mai magana ko makaɗi ya yi mafi ƙarfin da zai yi, ka rage har allurar da ke nuna ƙarfin sauti ta tsaya wajen -12, kada ta taɓa 0. Sautin da ya yi sanyi ana ɗaga shi daga baya, wanda ya bugi rufi ya fashe kuwa babu mai ɗinke shi. Kusantar da makirfo ga baki da kamar taƙi ɗaya ya fi duk wata manhajar cire hayaniya, kuma kada ka ajiye shi gaban lasifikar masallaci ko ta DJ, ka nemi sautin daga mikisa in za a ba ka.

Ajiye asalin a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, ko FLAC, ka fitar da MP3 daga gare shi don rabawa. In za ka tura wa wani asalin ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 kuma ba ya taɓa fayil ɗin.