Yadda Ake Tafiyar da Jirgin Madara a Ƙaramin Layin Dogo na Tebur

A shekarun 1940, jirgin madara na kamfanin Rutland kan bi ƙauyukan jihar Vermont a Amurka yana kwasar madarar da za a kai birnin New York. Mai son kwaikwayonsa a kan tebur, a ma'aunin HO (1:87, faɗin layi milimita 16.5), ga yadda zai yi.

Da farko ka shimfiɗa layi ɗaya mai tasha uku. Biyu su sami gajeren layin ratse kusa da gidan tara madara, ta ukun kuwa dakali kawai, inda manoma ke jera garewani. Kwana kada ta matse fiye da santimita 46 daga tsakiya. 56 ya fi.

Sai haɗa jirgin: kai ɗaya (injin da ke jan jirgin), taragon madara uku ko huɗu, da taragon fasinja ɗaya a baya. Jirgi mai tsawo ba ya kama da na karkara.

A nauyi ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce giram 28, a ƙara 14 kan kowane santimita 2.5 na tsawon tarago, wato mai santimita 14 ya kai wajen giram 105. In bai kai ba, da an turo shi da baya sai ya goce a mararraba. Manna ƙarfe a ƙasan cikinsa, daidai tsakiya, don na sama rinjayar da shi yake yi a kwana.

Ranar aiki, jirgi ya fito da safe. A tashar da ke da ratse, ka tsaya kan maganaɗisun da ka dasa a tsakanin layi, ka sassauta har ƙugiyar Kadee (mahaɗin tarago da tarago, wanda maganaɗisu ke buɗewa) ta buɗe, ka shiga ka jawo cikakken tarago. A ta dakali tsayawa kawai ake yi, kamar daƙiƙa 30 na lodi. Da yamma jirgi ya komo yana ajiye tarago marasa kaya inda ya ɗauka.

Kada gudu ya wuce santimita 15 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da mil 30 a awa. A wannan tafiyar ce ƙura ke nuna kanta: kai ya riƙa cijewa. Goge layi da ƙafafun da ƙyalle mai ɗan sifirit kafin ka zargi injin.