Nono da rigakafi: kurakuran da aka fi yi ranar awo

Wani kuskure da ake yawan yi a layin rigakafi shi ne hana jariri nono kafin a ɗiga masa na baki, ko bayan an ɗiga, wai kada nonon ya wanke maganin. Maganar tana da tushe: nono na ɗauke da sinadaran kariya daga jikin uwa, har masana suka yi zargin suna rage ƙarfin rigakafin rota, na gudawar yara, wanda Najeriya ta saka cikin jadawalinta a 2022. An gwada a Indiya da Afirka ta Kudu da Pakistan, aka sa wasu iyaye suka ɗan dakatar da shayarwa kafin ɗigon da bayansa. Jinkirin bai ƙara wa 'ya'yansu kariya ba. Saboda haka idan jariri ya nemi nono ki ba shi, ko na rota ne ko na shan inna.

Lokacin allura ma, sai ka ga uwa ta miƙa yaro ga ƙanwarta ta kawar da kai, ba ta iya kallo. Gara ki rungume shi da kanki, ki sa masa nono a baki kafin a soka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haka tun 2015, domin yana rage raɗaɗi, kukan ma bai daɗewa.

Akwai kuma masu cewa, "Ai yarona nono zalla yake sha, me zai yi da allura?" Wannan ya fi haɗari. Kariyar nono ta fi aiki a hanji da maƙogwaro, wadda jariri ya samo tun yana ciki kuwa raguwa take yi cikin 'yan watanni. Shi ya sa ake yin allurar ƙyanda a wata 9, ta mashaƙo da tarin shiƙa kuma a mako 6 da 10 da 14.

Kada a ba yaro farasitamol tun daga gida don gudun zazzaɓi, yana iya rage ƙarfin kariyar da jiki zai gina. Idan jikin ya yi zafi bayan allura, a yawaita nono, a tambayi ma'aikaciyar lafiya adadin maganin da ya dace da nauyinsa. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi kama nono, a koma asibiti.