Yadda Nake Gwada Ƙarfin Asetilkolinestares a Ƙwaƙwalwar Ɓera Jariri da Babba

Asetilkolinestares shi ne inzayim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) da ke farfasa asetilkolin, sinadarin da jijiya ke aika saƙo da shi, da zarar jijiya ta gama isar da saƙon. A ƙwaƙwalwar ɓera ƙarfinsa kaɗan ne lokacin haihuwa, sai ya yi ta hauhawa a makonnin farko. In kana son ganin haka da idonka, hanyar da George Ellman da abokan aikinsa suka fitar a 1961 ta wadatar, kuma ita nake koya wa ɗalibaina.

Ka fara samun izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji. Da ka fitar da ƙwaƙwalwar, ɗora ta kan ƙanƙara, kada ka tsaya hira. Ka yanki sashe iri ɗaya daga jariri da babba, domin sassan ƙwaƙwalwa sun bambanta: sashen sitirayatom ya fi sashen sarabelom wannan inzayim nesa ba kusa ba. Gauraya su ɓata aiki ne.

Markaɗa naman cikin ruwan fosfet mai pH 8. A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. A ƙwaƙwalwar jariri, kaso mai yawa na inzayim ɗin ɗaiɗai yake, wato nau'in da ake kira G1. Yayin da ɓera ke girma sai nau'in G4 ya rinjaya, wato huɗu a haɗe, akasarinsa manne da fatar ƙwayar halitta. In ba ka zuba Triton X-100, wani sinadari mai kama da sabulu, ya saki wannan manne ba, kuma ka juya markaɗen a na'urar santirifuj ka zubar da tukar da ta kwanta a ƙasa, ka zubar da rabon babban ɓera, sai lissafinka ya nuna tazarar ba ta da yawa. Ƙarya ce.

Sauran kuwa mai sauƙi ne. Zuba DTNB, sinadarin da ke ba da launi, a kwalbar gwaji, ƙara ruwan markaɗen, asetiltayokolin, wanda inzayim ɗin zai farfasa a madadin asetilkolin, ya zo a ƙarshe. Ruwan zai fara komawa ɗorawa a hankali. Ka bi hauhawar launin da na'urar auna haske a 412 nm na 'yan mintuna. Sa sinadarin iso-OMPA don toshe butirilkolinestares, ɗan'uwan wannan inzayim, in ba haka ba zai shiga lissafi. Ka raba sakamakon da nauyin furotin, ba nauyin ɗanyen nama ba, saboda ƙwaƙwalwar jariri ta fi ruwa.

Wani abu kuma: kada a fesa fiya-fiya a ɗakin ɓerayen. Sinadarin dikulobos da ke cikinta wannan inzayim ɗin yake toshewa, sai ka auna guba kana zaton shekaru kake aunawa.